Idan za ku kai yara Lapland, ku bar Disamba ta wuce

Jama'a, da zarar Disamba ta kama sai hotunan iyalai daga Rovaniemi, babban birnin yankin Lapland na Finlan, su cika waya: uba da uwa da yara cikin jibga-jibgan riguna, bayansu dusar ƙanƙara fari fat. Abin sha'awa ne, babu musu. Amma ina da magana ga iyayen da ke tara kuɗi domin wannan tafiya ta arewacin Finlan. In dai saboda yara za ku je, Disamba ba watanku ba ne, kuma cika jadawali da abubuwa goma a rana ba shi ke sa yaro ya ji daɗi ba.

Mu fara da rana. Rovaniemi tana bakin Da'irar Aktik, wato layin da ke kewaye ƙuryar arewacin duniya a taswira, layin ma ya ratsa ta cikin Santa Claus Village, ƙauyen yawon buɗe ido na Baba Kirsimeti, kimanin kilomita 8 daga tsakiyar gari. Wajen 21 ga Disamba rana ba ta wuce awa biyu da 'yan mintuna a sama. Can Utsjoki kuwa, a ƙuryar arewacin ƙasar, rana takan ɓuya gaba ɗaya har kusan kwana 50. Babba zai daure, har ya yaba kyawun shuɗin hasken tsakar rana. Yaro ɗan shekara biyar fa? Ya ci abincin rana, ya leƙa taga, ya ga dare ya yi. Barcinsa ya rikice, rigima ta tashi, a daidai lokacin da masauki ya fi tsada, layi ya fi tsawo, jirage daga Ingila da sauran ƙasashen Turai suna ta sauke mutane.

A watan Maris labari ya sha bamban. Wajen 20 ga wata hasken rana ya kai awa 12, dusar ƙanƙara ta kai maƙura wajen kauri, sanyin rana ya ɗan sassauta. Makarantun Finlan suna hutun hunturu bi da bi daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, saboda haka wanda ya jira hutun ya wuce zai samu sarari. Mai son ganin Baba Kirsimeti ma bai yi asara ba, ofishinsa a buɗe yake duk shekara.

Sai maganar hasken nan da ke rawa a sararin sama da dare, wanda ake kira Aurora. Don Allah kada ku yi wa yaro alkawarinsa. Ƙananan ƙwayoyi ne da ke fitowa daga rana, su yi karo da iskar da ke can sama da kilomita 100, sai sama ta yi kore. Yana bayyana daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Afrilu, amma gajimare na rufe shi a kowane dare, kuma babu kamfanin da ke da iko da gajimare. Abin da ke ci mini rai shi ne a ɗebi ƙananan yara a mota da ƙarfe goma na dare, a tsayar da su a bakin tafkin da ya daskare suna kyarma, don kawai an riga an biya kuɗi. Ku kama masauki nesa da fitilun gari. In hasken ya fito, ku tashe su, su leƙa na minti goma su koma bargo.

Sanyin can ba abin wasa ba ne. A Janairun 1999 an auna digiri 51.5 ƙasa da sifili a ƙauyen Pokka, mafi tsanani a tarihin Finlan, kuma digiri 20 ƙasa da sifili ba baƙon abu ba ne a hunturu. Ku lura da yadda ake hawan amalanken ƙanƙara da karnuka ke ja. Uba yana tsaye a baya, yana taka birki, yana turawa a hawa, jikinsa ya ɗumama har da gumi. Yaron yana zaune a gaba bai motsa ko yatsa ba, iska na dukan fuskarsa. Uban zai rantse babu sanyi, alhali ƙafar yaron ta daɗe da sandarewa. Shi ya sa gajeren zagaye ya fi wa yara, komai daɗin bakin mai talla. A sa musu ulu a jikin fata, ba auduga ba, domin auduga na riƙe gumi ta huce a jiki. Safar hannu mai haɗe yatsu wuri guda ta fi mai rarrabe su ɗumi, takalmi kuma ya ɗan fi ƙafa girma. A riƙa duba kunci da hanci: in fari ya bayyana a fata, a shiga ɗaki nan take, kada a murza wurin.

Wani abin mamaki, abin da yara suka fi so shi ne mafi araha. Ɗan kwale-kwalen roba na sulalowa a kan dusar ƙanƙara da 'yan Finlan ke kira pulkka, Yuro kaɗan ne a kanti, wasu masaukai ma aro suke bayarwa. A samu tudu, yaro ya sulalo, ya ja abinsa ya sake hawa, sai kun roƙe shi kafin ya bari. Motsin ne ke hana shi jin sanyi. A ƙauyen Saariselkä, can arewa da Rovaniemi, akwai gangaren da ya haura kilomita ɗaya daga saman tudun Kaunispää. Ran da sanyi ya yi yawa, ga gidan tarihi na Arktikum a cikin Rovaniemi, wanda aka buɗe a 1992, ga kuma gidan namun daji na Ranua, kimanin kilomita 80 kudu da garin. Hatta hanyar zuwa tana iya zama abin nishaɗi, domin jirgin ƙasa na dare daga Helsinki yana ɗaukar kusan awa 12, da ɗakunan barci masu gado sama da ƙasa.

Akwai kuma abin da hotuna ba sa nunawa. Ƙasar nan tana da masu ita. Mutanen Sami sun zauna a arewacin Finlan da Suwidin da Norwe tun kafin a shata iyakokin yau, kuma kiwon barewar ƙanƙara mai rassan ƙaho rayuwa ce ga da yawa daga cikinsu. A 2018 majalisarsu ta Finlan ta fitar da ƙa'idojin yawon buɗe ido, saboda yadda wasu da ba Sami ba ke sa tufafin gargajiya na Sami su yi ta wasan kwaikwayo a gaban baƙi. Ba na son ɗana ya koyi al'adar mutane daga wanda ya ari rigarsu don kasuwa. Ku kai yara gidan tarihi na Siida da ke Inari su ga abin daga tushe. In kuma za ku ziyarci gonar barewa, ku tambayi mai shirya tafiyar tun kafin ku biya: dabbobin na wane ne, kuma wa zai yi wa yara bayani.