Rautar Alhaji Matsolo

ALHAJI: Injiniya, shigo ka ga cutar da kamfanin intanet ɗin nan ke min. Bidiyo ɗaya tun safe, ɗan zoben nan sai juyi yake a tsakiyar allo.

INJINIYA: Allah ya huci zuciyar Alhaji. Ina rautar take, wato na'urar da ke raba intanet a gidan?

ALHAJI: Tana inda idon ɓarawo ba zai kai ba.

HAJIYA: Tana ƙuryar ɗaki, kan taga, bayan kabad ɗin ƙarfe. Har tsumma ya lulluɓa mata.

INJINIYA: Subhanallahi! Alhaji, siginar Wi-Fi irin ta rediyo ce. Ƙarfe yana tare ta, bangon siminti yana cin ƙarfinta, har madubi yana mai da ta baya. Tsakiyar gida ake sa rauta, a sama, a sarari. Yaushe rabon da a kashe ta?

ALHAJI: A kashe? Abin da na biya wa kuɗin wata cur?

INJINIYA: Daƙiƙa 30 kawai. A zare ta daga wuta, a mayar. 'Yar kwamfuta ce ita ma, in ta daɗe tana aiki takan rikice.

ALHAJI: To, daƙiƙa 30 ɗin nan wa zai biya ni su?

HAJIYA: Zare kawai, ɗan nan. Ni zan biya shi.

(Injiniya ya zare, ya mayar, ya haɗa kwamfutarsa da rautar da igiya.)

INJINIYA: Da igiya ake fara gwada sauri, don a san laifin na kamfani ne ko na cikin gida. Ga shi, megabit 20 a daƙiƙa. Nawa kuka saya?

ALHAJI: 20 ɗin. Amma in ina sauke abu, 2 da rabi nake gani!

INJINIYA: Wancan megabayit ne. Bit 8 ke yin bayit 1. In ka raba 20 gida 8, ai 2 da rabi ke nan.

ALHAJI: Sauran 17 da rabin fa, wa ya cinye?

INJINIYA: Babu wanda ya ci, ranka ya daɗe. Ma'aunin ne daban.

ALHAJI: Haka kuke cewa dukanku.

INJINIYA: Sannan rautar nan layi biyu gare ta. Na 2.4 yana kai nesa, yana ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, ko maikirowef na ɗumama abinci aka kunna sai ya dame shi. Na 5 ya fi gudu, amma sai kana kusa.

ALHAJI: 5 ta fi 2.4. A ba ni 5, yara su yi maneji da ƙaramin.

ƊAN'AUTA: Baba, ai ɗakinka ne ya fi nisa.

ALHAJI: Wa ya sa da kai?

INJINIYA: Bari in duba na'urorin da ke kai. Mutum nawa ne a gidan?

HAJIYA: Mu biyar.

INJINIYA: Ina ganin 23. Ga talabijin uku.

HAJIYA: Tamu ɗaya ce, ita ma a kashe take.

INJINIYA: To kun ga, kabad ya tare sigina daga cikin gida, taga kuma ta sake ta waje. Maƙwabta sun fi ku samu. Mene ne lambar sirrin?

ALHAJI: (cikin raɗa) 12345678. Na zaɓi wadda ba mai zato.

INJINIYA: Alhaji, ita ake fara gwadawa. Na canja yanzu, doguwa, haruffa da lambobi a gauraye. Gwada bidiyon.

ALHAJI: Kai! Ya tafi! Har gemun mutumin ina iya ƙirgawa.

(Aka buga ƙofa.)

MAƘWABCI: Salamu alaikum! Alhaji, lafiya dai? Muna tsakiyar kallon ƙwallo abu ya ɗauke.

ALHAJI: Au, har ƙara ka kawo? Malam, ba ka jin kunya? Sata da rana tsaka?

MAƘWABCI: Sata kuma? Allah ya kiyaye. Ban taɓa tsallake wata ban biya ba. Ga rasit, da sa hannun Ɗan'auta.

ALHAJI: Ɗan'auta! Hajiya, ina yaron nan?

HAJIYA: Ya fita ta taga.

ALHAJI: Malam, dakata, kada ka tafi. Ku nawa ne kuke biyan?