Ni da na karanci ƙasa

Ranar da na dawo Maradi daga Yamai da lisans ɗina na jami'ar Abdu Mumuni, Inna ta yanka zakara. Maƙwabta suka cika gida, aka tambaye ta mi yaron ya karanto. Ta juyo wurina, na ce jeyogarafi. Ta ce in faɗa da Hausa, ba ta son iya yi. Na ce, "Labarin ƙasa, Inna." Ta yi shiru, sannan ta ce wa matan, "Ƙasa ya karanta." Wata tsohuwa ta ce Allah sarki, har sai an je Yamai?

Shekara biyu na yi ina yawo da dosiye a hammata. Duk ofishin da aka ce ana ɗaukar ma'aikata sai in kai, kuma kowane yana son takardar kotu mai shaida cewa ban taɓa laifi ba, wadda ba ta wuce wata uku ba. Saboda haka duk wata uku sai in biya kuɗi a sake tabbatar mini ban yi sata ba. Abokina da ya karanci shari'a yana sayar da wayoyi a babbar kasuwa, wanda ya karanci Ingilishi kuma ya jera kwalaben ruwa-ruwa, wato man fetur, a bakin titi, kuma wallahi duk sun fi ni ƙiba.

Rannan Kawu ya aiko kirana. Kawu iyakar karatunsa allo, amma tifa uku gare shi masu ɗibar yashi daga gulbi suna kai wa masu gini.

"Ɗana, an ce ƙasa ka karanta?"

"I, Kawu."

"Shekara nawa?"

"Uku."

"To madalla. Ga ƙasa nan, ta fi ƙarfina."

Haka na zama ɗaya daga cikin ƴan ajinmu ƙalilan da za su iya rantsuwa cewa suna aiki da abin da suka karanta. Aikina in zauna a rumfa da littafi ina rubuta sawu nawa kowace mota ta yi. Ƴan lodi suka sa mini suna Mushe, wato malamin lakwal, ko da yake yadda wasunsu ke jan sunan yana sa ni zargin ɗaya mushen suke nufi.

Da na tsaya a rumfata da ba a ji kaina ba. Amma a watan Oktoba, damina ta ɗauke, aka sami odar yashi zuwa wani ƙauye a ƙetaren gulbi, Kawu ya ce in bi motar in karɓo kuɗi. Direban dattijo ne, Baba muke ce masa, ya fara tuƙi tun ban iya ɗaura wando ba. Ya kama hanyar da za ta zagaya ta gada. Ni kuwa na buɗe taswira a waya, na ga ƙauyen ga shi nan kamar in miƙa hannu, in dai an yanke ta cikin gulbin. Na lissafa man da za a rage, na hango Kawu yana dafa kafaɗata a gaban jama'a.

"Baba, mu yanke ta nan."

"Mushe, wurin nan ba ya ɗaukar mota."

"Ai ya bushe, Baba. Duba, hoton tauraron ɗan'adam ne."

Bai duba ba. Sai na buɗe masa lacca. Na gaya masa gulbin nan daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo ta wajen Madarumfa, ya wuce Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, ya koma Najeriya ya faɗa kogin Rima. Na ce tun da aka gina madatsar Jibiya ruwansa ya ragu, ba irin na 1945 ba ne da ya cinye tsohon gari har aka tashi mutane aka mayar da su kan tudu. Baba ya saurara har na gama, ya ce, "Duk wanga a Yamai aka hwaɗa maka?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To kai ne ɗan mai mota." Ya yi bisimilla ya karya kan tifa.

Taku ashirin na farko lafiya lau, har na fara gyara zama. Daga nan na ji motar ta yi wani nishi kamar saniya za ta kwanta. Baba ya taka, tayoyin baya suka juya a wuri ɗaya suna watso laka. Ya sake takawa, muka ƙara nutsewa. Na sauka, takalmina ɗaya ya tafi, har yau bai dawo ba. Sama busasshen yashi ne fari tas, amma tsawon hannu ɗaya a ƙasa ruwa ne kwance.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san wannan. A kwari irin na gulbi ruwa ba ya nisa da sama, shi ya sa masu lambu ke haƙa ƴar rijiya su shayar da zogale da albasa duk rani. Na rubuta shi a jarrabawa da hannuna, har malami ya yaba. Ilimin yana nan a kaina, sai dai bai ga damar fitowa ba sai da laka ta kai mini gwiwa.

Kafin a jima mun tara jama'a. Wani tsoho ya zo da jakinsa ya tsaya can nesa a kan tudu, ya ce ko jakin nan ba ya yarda ya bi ta wurin kafin sanyi ya shigo. Samarin ƙauye suka ce za su tura, amma jika goma, kuma sai an rage wa motar nauyi. Baba ya dube ni, ya ja ƙarfen juye kaya. Ina tsaye da takalmi ɗaya na kalli yashin da ƴan lodi suka yi safiya guda suna ɗiba da shebur ya zube a cikin gulbin da aka ɗebo shi. Yaron mota ya ce, "Mun maido mishi kayanshi."

Sai bayan la'asar muka fita. Kawu bai yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya karɓi littafina, ya ce in rubuta da kaina: yashi sawu ɗaya, mai, jika goma na ƴan turi, duk a cire daga albashin Mushe. Da na gama ya duba ya ce rubutuna dai yana da kyau.

Inna har yanzu tana gaya wa mutane ɗanta ya sami aiki a fanninsa. Baba kuwa duk safiya in ya tayar da mota sai ya leƙo ta taga ya ce, "Mushe, yau ta ina tauraro ya ce mu bi?" Kafin in buɗe baki ya kama hanyar gada.