Ni da ₦45,000 an rufe mini ƙofa, yaro da ₦200 an ɗaga masa labule

Jiya bayan la'asar na fito daga wani shagon gem a PZ, nan Zariya, raina kamar ya kama da wuta. Shekarata 41, ina da mata da 'ya'ya uku, amma yaron da ko gemu bai fara ba ya mayar da ni abin dariya a kan kuɗina.

Duk mai na'urar gem ta PlayStation, PS4 ko PS5, a garin nan ya san da ƙarya muke fara gem. Ka zo buɗe asusu, jerin ƙasashe ya fito, ka gangara ka hauro, babu Najeriya, sai dai ka ga Afirka ta Kudu. Dole ka zama Ba'amurke ko Bature na aro. Ni tun 2017 a takarda mutumin jihar Delaware ta Amurka ne, don can ba a ɗora harajin sayayya, alhali a Tudun Wada nake kwana da sauro. Kuma ƙasar da ka zaɓa ranar farko ita ce taka har abada, ba a sauyawa. Katin kuɗin da za ka loda ma sai na ƙasar.

Shi ya sa da na je sayen katin na faɗa wa yaron shagon har sau biyu: na Amurka. Ya rubuta min lambobi 12 a 'yar takarda, na biya ₦45,000, na hau keke na koma gida. Babu wuta, kamar kullum. Na tayar da janareta, na shigar da lambobin sau uku, sau ukun duka suka ƙi. Na koma.

"Samari, lambar nan ba ta shiga."

Bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ɗan latsa, ya ce, "Au, ashe na Ingila ne. To Baba, ai yana aiki."

"A asusun Amurka ba ya aiki."

"Sai ka buɗe na Ingila mana. Ai kyauta ne."

Na danne zuciya na yi masa karatu, ni mai saye ina koya wa mai sayarwa sana'arsa. Faifan da ke gidana bugun Amurka ne, ƙarin wasan da nake son saye kuwa sai ya zo daga yanki ɗaya da faifan, in ba haka ba na'ura ba za ta ma gan shi ba. Ya saurare ni yana taunar cingam, sannan ya ce, "Lamba in an gan ta ba a dawowa da ita." Ya juya wajen abokansa, ya ƙara da, "Kuma fisabilillahi Baba, da furfurarka, gem?" Suka kwashe da dariya. Madalla. Lokacin karɓar kuɗi furfurar ba ta dame shi ba.

Ina tsaye sai ga wani yaro da kayan makaranta, bai fi shekara 10 ba, ya miƙa ₦200. Aka ɗaga masa labule ya shige ciki, inda suka jera talabijin huɗu. Na leƙa. GTA V aka kunna masa, wasan da lamba 18, wato sai ɗan shekara 18, ke zaune ja zur a kwalinsa, harbi da zagi da abin da ba zan rubuta ba. Na ce, "Wannan fa?" Ya ce, "Baba, ɗanka ne?"

Nan bakina ya mutu.

Mu da muka taso da PS2 mun daɗe da wannan wulaƙanci. Ka sayo faifai a Sabon Gari, ya fito baƙi da fari yana rawa don rikicin PAL da NTSC, wato tsarin hoton talabijin na Turai da na Amurka, ko ya ƙi tashi sam sai an kai na'urar an dasa mata wani ƙarfe. Yanzu faifai na tashi ko'ina, sai kullen ya koma kan asusu da kati. Ni ban ma ga laifin masu ƙera na'ura ba sosai. Wa zai buɗe shago inda naira ke kwana da wani farashi ta tashi da wani, inda a 2022 bankuna suka hana katin naira sayayya a waje, suka jefa mu hannun yaran shago irin wannan?

Su can sun zauna sun yi tsari. A Amurka kamfanonin gem sun kafa ESRB, hukumar da ke sa wa wasanni alamar shekaru, a 1994 bayan majalisarsu ta yi zama kan wasanni irin Mortal Kombat. Turai na da irinta, PEGI, tun 2003, kuma a Ingila tun 2012 laifi ne a doka ka sayar wa yaro wasan da ya fi shekarunsa. Mu namu shugabannin sun san gidan gem ne kawai ranar karɓar haraji. Iyaye kuma a miƙa wa yaro ₦200 don a huta da surutunsa, gobe a hau mumbarin zaure ana cewa tarbiyya ta lalace.

Takardar lambobin tana nan cikin aljihun rigata. Wani ɗalibi a Samaru mai asusun Ingila ya taya ta ₦28,000, wai ma taimako na yake yi.