Ku ji tsoron Allah kan matan da ke bayan kyamara

Assalamu alaikum mata 'yan uwana na Gusau da kewaye. Maganata yau kan wasu bayin Allah ce da muke cin moriyarsu kuma muke cin namansu, wato telolin fim da masu kwalliya da masu lalle da masu ɗaurin ɗankwali. In Sallah ta matso kowace ta ɗauko hoton jaruma a waya ta nufi tela a Tudun Wada ko Sabon Gari tana cewa irin wanga ɗinki nike so, amma da an zauna gidan suna sai ki ji ana "ai 'yan fim duk 'yan iska ne". Subhanallah, ke kin gani da idonki?

Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990 har zuwa masu dogon zangon da muke kallo yanzu a Arewa24 da YouTube, akwai hannun mace cikin kayan da jaruma ta sa. Ita ce za ta shiga Kantin Kwari neman atamfa da leshi, wani lokacin ma da kuɗinta tunda furodusa ya ce a yi haƙuri sai fim ya fita, ta kwana kan keke ba wuta, ta yi guga da dutsen gawayi, da asuba tana lokeshan kafin kowa. Kuma sai ta riƙe a kanta wace riga da wane mayafi anka sa a wane sin, don in an dawo ɗauka bayan sati biyu aka samu saɓani ita za a yi wa tsawa gaban jama'a. Cikinsu akwai zawarawa, akwai mai riƙe da marayu, akwai wadda ta baro tsohuwa kwance ba lafiya tana shafa wa wata hoda tana murmushi, in ta koma gida kuma dangi na mata kallon wadda ta zubar musu da mutunci.

Ba ina wanke masana'antar ba ne, akwai shigar da ba ta dace ba kuma ita ma mai ɗinkin za a tambaye ta abin da ta ɗinka. Amma gyara daban, ƙazafi daban. Ku koma Suratul Hujurat aya ta 12, Allah Ya kamanta giba da cin naman ɗan uwa matacce. Kuma sana'ar hannu ba abin kunya ba ce, uwar muminai Zainab bint Jahsh (RA) jima take yi da ɗinkin fata ta yi sadaka da abin da ta samu.

Ku kuma da ke cikin sana'ar, don Allah ku riƙe juna. Wallahi abin da ya fi ƙona min rai shi ne mace ta karya wa mace farashi don ta ƙwace mata aiki, ko 'yar uwarki ta faɗa miki sirrin gidanta kuna zaune kuna jiran darakta, gobe a gan shi a TikTok. Annabi (SAW) ya ce wanda ya rufa asirin musulmi Allah zai rufa nasa duniya da lahira. In kin ga yarinya sabuwar shiga an ce ta zo otal da dare "a yi maganar aiki", ki ja ta gefe ki faɗa mata gaskiya, in ya kama ki raka ta. Ku yi adashe tsakaninku saboda ranar haihuwa da ranar asibiti.

Furodusoshi da manyan jarumai mata, har da mu nan masu kai ɗinki mu karɓe mu ce sai wata ya yi, akwai hadisin ƙudusi a Bukhari, mutum uku Allah ne da kansa zai yi jayayya da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya gama masa aiki ya hana shi ladansa. Wadda ta san akwai kuɗin tela ko mai lalle a kanta tun Sallar da ta wuce ta duba waya ta tura mata yau.