Ƙasusuwan Kartaj ba su wanke Romawa ba

Tun da Josephine Quinn, wadda a lokacin take Jami'ar Oxford, da abokan aikinta suka fitar da bincikensu a ƙarshen 2013, suna cewa lallai mutanen Kartaj, tsohon birnin da ya yi hamayya da Rum a ƙasar Tunisiya ta yau, sun riƙa miƙa jariransu hadaya ga gumakansu Ba'al Hammon da Tanit, wasu suka samu abin yayatawa: ashe Romawa gaskiya suka faɗa tun farko. Wannan magana tana ba ni haushi.

Ban musanta hadayar ba. Tulunan toka da ƙasusuwan jarirai da aka fara tonowa a 1921 kusa da birnin Tunis, da rubutun cika alwashi a duwatsun da ke kansu, shaida ce mai nauyi. Masu cewa maƙabartar jarirai ce kawai, sai su faɗa mana me ƙasusuwan 'yan raguna ke yi a wurin. Amma ƙasar Kartaj ce ta ba da wannan shaida. Ba ta tabbatar da sauran zargin da Rum ta jibga musu ba, musamman na cin amana, wanda Livy, marubucin tarihin Rum, ya liƙa wa Hannibal, kwamandan yaƙin Kartaj.

Cin amana fa! Bayan yaƙi na farko tsakanin Rum da Kartaj, Kartaj na fama da tawayen sojojin hayarta, Rum ta fizge mata tsibirin Sardiniya, ta kuma ƙara mata tarar kuɗi. Polybius, marubucin tarihi ɗan Girka wanda abokin manyan Rum ne, shi da kansa ya ce zalunci ne. A 149 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Romawa suka nemi 'ya'yan manya 300 a matsayin garkuwa, aka ba su. Suka nemi makamai, aka miƙa. Sai da hannun mutane ya zama wayam sannan aka ce su tashi daga birninsu, su koma nesa da teku. Bayan shekara uku aka ƙone garin ƙurmus.

Laifi tudu ne. Livy ɗin nan ya ba da labarin yadda Romawa, bayan kashin da suka sha a hannun Hannibal a yaƙin Cannae a 216 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka binne mutum huɗu da rai a kasuwar shanu ta birninsu don neman yardar gumaka.

Littattafan Kartaj kuwa, raba su aka yi wa sarakunan maƙwabta, suka ɓace, in ban da na Mago kan noma da majalisar Rum ta sa aka fassara don yana da amfani gare ta. Mai ƙara ne ya zama alƙali, ya kuma rubuta tarihin shari'ar.

Masu koyar da wannan tarihi su daina karanta wa ɗalibai Livy kamar shaidar gani da ido. Kowane zargi a nemo masa hujjarsa dabam, a fara da tambayar wa ya karya yarjejeniya a Sardiniya.