Kun tilasta mata ta ceto su, kun kashe labarin

Kun dai samu abin da kuke so. Kun yi ta kuka, kun yi ta magiya, wasu har da cewa sai an mayar musu da kuɗinsu, har baiwar Allahn nan, marubuciyar da muke bin littafinta babi bayan babi, ta sauya ƙarshen labarinta. Mutanen da ta ajiye a sansanin bincike a duniyar Mars, waɗanda tun babi na farko ta nuna mana ba za su dawo ba, sai ga shi a babin ƙarshe kumbo ya taso daga nan duniya, cikin mako guda ya sauka ya kwashe su, an dawo gida har an ɗaura aure. Na karanta raina ya ɓaci, kuma har yanzu bai huce ba. Ba ita nake zargi ba. Ku nake zargi, masu karatu.

Babu mai zuwa ceto a Mars. A kan wannan aka gina labarin gaba ɗaya, kuma shi kuka sa aka rushe. Hanyar tafiya can ba ta buɗewa sai kusan bayan kowane wata 26, lokacin da duniyarmu da Mars suka zo daidai wurin da man kumbo zai isa. In an tashi ma, tafiyar watanni ce. Motar binciken nan ta Amurka, Perseverance, an harba ta ranar 30 ga Yulin 2020, ba ta sauka ba sai 18 ga Fabrairun 2021, ita da ba ta ci, ba ta sha, ba ta numfashi. Ko magana ka aika, sai ta yi minti 3 zuwa 22 a hanya kafin ta isa, gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin. To ina mako guda ya fito?

Kuma marubuciyar ta san haka sarai. Ku tuna babin da injiniyar sansanin ta naɗi murya ta aika wa ƙaramar 'yarta, ta zauna gaban na'ura ta tallafe haɓa tana jiran amsa, minti arba'in cur, sai amsar ta zo yarinyar tana tambaya ko Mama za ta dawo kafin sallah. Duk wanda ya karanta wurin nan bai ji wani abu ya tokare masa maƙogwaro ba, to bai karanta ba. Me ya sa ya yi zafi? Saboda mu da uwar mun san amsar, yarinyar ce kaɗai ba ta sani ba. Yanzu da kuka sa aka kawo kumbo, wannan zaman jiran ya tashi a banza. Hawayen da muka zubar ma sun tashi a banza.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne babu dodo a ciki. Babu wata halitta mai ƙaho da ta fito daga rami. Matatar iska ce ke lalacewa ɗaya bayan ɗaya, likitan sansanin yana ƙirga sauran kamar magidancin da ke leƙa rumbu a tsakiyar damina yana lissafin ko hatsin zai kai kaka. Haka gaskiyar abin take. An gwada a nan doron ƙasa, ba a Mars ba. A Satumban 1991 mutum takwas, maza huɗu mata huɗu, suka shiga wani katafaren gidan gilashi a jihar Arizona ta Amurka, ana ce masa Biosphere 2, aka rufe su na shekara biyu. An zuba musu gona, da ɗan daji, da ɗan teku, aka ce su noma abincinsu, tsirrai su ba su iska. Me ya faru? Iskar oksijin da ta fara a kusan kashi 21 cikin ɗari ta yi ta raguwa har ta kai wajen kashi 14. Mutum ya ɗan motsa sai haki, dare ya yi barci ya gagara. Ƙananan halittun da ke cikin ƙasar noman ne ke shanye oksijin ɗin, ita kuma iskar da suke fitarwa sai kankaren ginin ya tsotse ta, tsirrai ba su samu sun juya ta ba. Kankare fa! Ga yunwa, duk sun rame. Ƙwarin da ke barbarar furanni suka mutu, tururuwa da kyankyasai suka cika wurin. Su takwas ɗin suka rabu gida biyu, wasu ba sa ko magana da juna. A farkon 1993 dole aka tura musu oksijin daga waje. Sun tsira ne don akwai waje. Akwai titi, akwai mota, akwai asibiti kusa. A Mars ka buɗe ƙofa, abin da ke waje iska ce siririya da ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin tamu ba, kusan dukkanta irin wadda muke fitarwa daga huhu ce, ga sanyin da ke kai digiri 60 ƙasa da sifiri a matsakaici.

Wani ya kawo mini hujjar 'yan sama jannatin Apollo 13, kumbon Amurka da ya nufi duniyar wata, wai ai su an ceto su. Ba wanda ya je ya ɗauko su. A Afrilun 1970 tankin oksijin ya fashe musu a hanyar zuwa wata, su uku suka lallaɓo da kumbon da ya rage, suka haɗa matatar iska da leda da kwali da salatif. Zuwa duniyar wata kuma tafiyar kwana uku ce. Kamfanin Mars One na ƙasar Holan da ya fito a 2012 yana neman masu zuwa Mars, shi da bakinsa ya ce tafiyar babu dawowa. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka yi lissafi a 2014, suka ce a tsarin da ya zana mutum na farko zai iya mutuwa wajen kwana na 68. Kamfanin ya karye a 2019 bai harba ko ƙusa ba.

Masu cewa ai labari ne kawai, a rubuta abin da aka ga dama, ban yarda ba. In da tun farko ta ce mana a duniyar labarinta ana zuwa Mars cikin mako, da ba mai magana. Amma ita ta kafa dokar, mu muka yarda muka biyo ta babi bayan babi. Masu cewa rayuwa ta ishe mu da baƙin ciki, littattafan da ke ƙarewa da biki ba su ƙare a kasuwa ba, ku je ku ɗauka. Wannan guda ɗaya ne ya zo da wani abu daban, shi ma kun hana shi.

Waɗanda suka fi taɓa ni su ne masu cewa barin su su mutu rashin tawakkali ne, ai Allah mai iko ne. Ƙwarai, mai iko ne a kan komai. Ajali ma nasa ne. Mutumin da ya san kwanansa sun kusa ƙarewa, ya tashi ya yi taimama ya yi sallarsa, ya yafe wa abokin aikin da suka yi wata uku ba sa gaisawa, ya zauna ya ƙarasa rubuta sakamakon binciken ƙasar da ya tono don waɗanda za su zo bayansa kada su faɗa ramin da ya faɗa, wannan ne marar tawakkali? Can labarin ya dosa. Duk alamun suna nan a babin da shugaban sansanin ya fara raba wa kowa lokacin aika saƙon gida. Ni wannan ƙarshen nake jira, kuma na tabbata shi ta rubuta da farko.

'Yar'uwa, in wannan rubutun ya iso gare ki, don Allah kada ki goge ainihin ƙarshen. Ki fitar da shi ko da mutum goma ne za su karanta, ina cikinsu.

Af, kuma ku masu kwafe littafin kuna rarrabawa kyauta a zaurukan WhatsApp, ku ji tsoron Allah. Yarinyar nan da waya take rubutu, da datar da ta saya da kuɗinta, sau da yawa sai dare ya raba. Da yawa cikin masu hayaniyar a sauya ƙarshe ko sisi ba su biya ba, na sata suka karanta. In kuna son littafi ku tura mata ɗan abin da ta yanka, ba zai kai kuɗin katin da kuke ƙonawa a kallon bidiyo a yini guda ba.