Ko a cikin falalen dutse ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu a Kaduna ruwan da muka sani shi ne kogin da muke tsallakawa ta gada, teku kuwa sai dai a waya. Duk da haka ku ba ni aron hankalinku, mu leƙa ƙasansa.

Idan aka nutsa ya wuce mita 1,000, hasken rana ya ƙare. Can ƙasa, abin da za a fara tararwa laka ce da ɓawon ƙananan halittun da suka mutu suka kwanta. Ƙarƙashinta akwai baƙin dutse mai nauyi da masana ke kira basalt. Asalinsa narkakke ne, zafinsa ya kai kusan digiri 1,200, yana ɓullowa ta tsagar da ke tsakiyar teku. Yana haɗuwa da ruwan sanyi sai bayansa ya daskare nan take, ya dunƙule kamar matashin kai, wani kan wani. Ƙasa da shi akwai jijiyoyin dutse a tsaitsaye, hanyoyin da narkakken ya bi ya hau, sannan wani dutse da ake kira gabro, wanda ya huce a hankali har ƙwayoyinsa suka yi manya. Kaurin duka kusan kilomita 7 ne. A tekun Atlantika sabon dutse na ta fitowa yana tura tsohon gefe, santimita 2 zuwa 5 a shekara, babu mai kallo, babu mai tafi. Subhanallah! Wanda ya taɓa zuwa garin Biyu a Jihar Borno ya taka irin dutsen basalt ɗin nan a tudu.

A 1961 masanan Amurka suka kai jirgi kusa da tsibirin Guadalupe na Meziko, suka haƙa mita 183 a ƙasan teku, suka ciro guntun basalt. Har yau ba a samu injin da ya ratsa kaurin duwatsun nan gaba ɗaya ba. Iyakar ɗan Adam ke nan.

To ku saurari abin da Luƙmanu ya faɗa wa ɗansa a aya ta 16 ta surarsa: ko aiki ya kai ƙanƙantar ƙwayar komayya, ya shige cikin falalen dutse, ko cikin sammai, ko cikin ƙasa, Allah zai zo da shi.

Wallahi wannan aya tana tsorata ni, domin mun saba da ɓoye abu a ƙasa. Magini ya rage siminti a ginshiƙi ya shafe da fulasta, mai gida ya biya yana godiya, yara su tare a ciki. Mai hatsi ya zuba masarar da ta fara ruɓewa a gindin buhu ya rufe da mai kyau. Wani ya goge hirar waya kafin ya shiga gida. Malam, wa ka ɓoye wa? Wanda ya jera waɗancan duwatsu a duhun da ido bai taɓa gani ba, Ya san buhun siminti nawa aka ba ka, Ya san nawa ka kwaɓa.

Idan akwai haƙƙin wani a wuyanka, ka nemi mai shi yau, ka mayar masa ko ka roƙi yafiya tun kana da numfashi. Allah Ya gyara mana ɓoyenmu, Ya rufa mana asiri ranar da ake tone asirai.